Rassa Ukun da Aka Bari a Gindin Mangwaro

Ranar Litinin ɗin da aka wayi gari an rufe Gindin Mangwaro, wallahi na ɗauka wani babba ne ya rasu a Abakpa. Ina buɗe shago na hango maza cirko-cirko a bakin titi, kowa ya duƙar da kai kan waya, yana dannawa yana tsaki. Mai shayi ma ya bar ruwansa yana ta tafasa, ya shiga cikinsu.

Gindin Mangwaro zaure ne na intanet. Malam Auwal ne ya kafa shi tun zamanin ƙananan wayoyin nan masu madanni, ya sa masa sunan majalisar da suke zama da yamma. An raba shi reshe-reshe: na siyasa, na ƙwallo, na saye da sayarwa, sai uban gayya, reshen Ka Ji An Ce, inda ake feɗe mutum tas tun bai gama karin kumallo ba. Daga Abakpa har Kurmin Mashi, har 'yan unguwar da ke ci-rani a ƙasashen waje, nan suke kwana nan suke tashi. Shi Malam Auwal ɗin ko arba'in bai yi da rasuwa ba. Na je gaisuwa, na samu matarsa Uwani a ƙuryar ɗaki tana takaba, karatun Alƙur'ani na tashi a hankali daga wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi.

Ni kuwa sunana Zulaiha, amma Zulai Mai Sawu aka fi sani. Kakana shanun sata yake bi a daji, ni wayoyin sata nake bi, da shafukan da aka yi wa kutse. Sana'ar ba ta da daɗi, don kowa yana zuwa ne da ɓarawonsa a baki, so yake kawai ka sa hannu.

Haka Alhaji Usman ya zo mini. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, shi ne shugaban kwamitin zauren, kuma tun da ya yi ritaya ba shi da ofis sai nan. Ko zama bai yi ba.

"Hajiya Zulai, an kashe mu! Hirar shekara da shekaru, hotunan biki, muhawara, duk an share. Ba a iya rubuta ko harafi."

"Sannu Alhaji. Wa kuke zargi?"

"Zargi? Ai mun san shi. Datti ne. Ke dai ki tabbatar mana, ranar Juma'a mu miƙa shi ga 'yan sanda."

Na ce to me ya kawo ni ciki, tunda an riga an yanke hukunci? Ya ce ai hukuma sai da shaida. Na haɗiye abin da ya zo mini baki, don sa'an babana ne.

Abin da na fara dubawa bai ɗauke ni lokaci ba. Ba kutse aka yi ba, babu wanda ya ɓalle ƙofa. Da sunan Malam Auwal kansa aka shiga, aka yi aikin a natse. Wannan ya kashe bakin masu cewa gwamnati ce, da masu cewa wasu 'yan damfara ne daga ƙetare, amma ya ƙara ɗaure Datti. Shi ne aminin marigayi, tare suka kafa zauren, kuma a hannunsa dangi suka damƙa akwatin da aka kulle wayar mamacin da kwamfutarsa kafin a raba gado.

*

Datti yadi yake sayarwa a Babbar Kasuwa. Na same shi zaune shi kaɗai, layin nan cike da mutane amma kowa yana ratse shagonsa kamar an zuba ruwan kwata a ƙofar. An rubuta masa MACI AMANA da gawayi a jikin ƙyaure, ya goge, tabon bai fita ba. Maƙwabcinsa ya ce mini teloli uku sun dawo masa da kaya tun safe, kuma jiya a masallaci an bar masa sahu da faɗi.

"Malam Datti, kai ka rufe?"

"A'a."

"Ina akwatin?"

Ya jawo shi daga ƙarƙashin kanta. Kwaɗon yana nan, da ƙullin zaren da ƙanin marigayi ya ɗaura a gaban dangi. Na sa aka kira ƙanin ya zo ya duba, ya ce ƙullinsa ne, aka buɗe. Wayar a mace take murus, da na sa mata caji ta nuna rabonta da kunnuwa tun ranar jana'iza. Kwamfutar ma haka. Na ji sanyi a raina, na ce to ai shi ke nan.

Sai Datti ya ɓata mini aiki.

"Amma ka san lambar sirrinsa?" na tambaye shi, don in rufe zancen.

"Na sani."

"Kai! To ai za su ce da taka wayar ka shiga. An ce kun yi cacar baki da shi kafin ya kwanta ciwo."

"Mun yi. Na ce a datse Ka Ji An Ce, ya ce in aka datse shi kowa zai watse."

"To wa kuma ya san lambar?"

Ya ɗauki sandar awo ya hau auna yadin da babu mai saye. Na maimaita. Ya ce Allah ya sani. Na ce Allah kam ya sani, amma ba shi za a kai caji ofis ranar Juma'a ba. Ya ce in abin da aka rubuta masa ke nan, to. Na so in fizge sandar nan in buga masa, mutum ana ƙoƙarin fito da shi daga rami yana ƙara zama daram. Na fito kasuwa raina a jagule, na tabbata ya san wani abu.

*

Ta biyu da aka nuna mini ita ce Kaltume, a Kurmin Mashi. Bazawara ce, tana yin cincin da dubulan na biki. Tun kafin rasuwar Malam Auwal aka sa ta a gaba a Ka Ji An Ce, wai an ga wata mota tana ajiye ta. Daga mota aka koma mai motar, daga mai motar aka koma 'ya'yanta, ana tambayar wa suka yi kama da shi. Manemin da ya fito mata ya janye.

Na tarar da ita gaban kasko, hayaƙi ya cika tsakar gida.

"Anti Zulai, da ni na rufe, wallahi da kalangu zan zagaya Kaduna ina faɗa. Motar yayana ce! Na shiga na rantse musu, suka ce rantsuwar ma alama ce. Ranar da aka binne Malam Auwal suka huta, washegari suka dawo kaina."

"Kin taɓa riƙe wayarsa, ko kin san mai riƙewa?"

"Ni da ko gaisawa ba mu taɓa yi ba? Duba wayata ki gani, ni saƙon murya kaɗai na iya."

Gaskiyarta ne. Ta cika mini leda da cincin, ta ce in na gano wanda ya yi, in gaya masa akwai mai yi masa addu'a kullum. Na hau Keke ina cin cincin ina jin haushin kowa, har da kaina.

Kafin Laraba unguwa ta rikice. An buɗe guruf-guruf na waya har ban san adadinsu ba, kowanne yana cewa shi ne magajin Gindin Mangwaro, kowanne ya tarwatse kan wa zai zama shugaba. Wani tsoho ya tare ni yana hawaye, wai hoton auren 'yarsa can kaɗai yake da shi. Wannan kam ya taɓa ni. Amma mafi yawansu ba hoto suke wa kuka ba, wurin zama aka ƙwace musu, ba su san inda za su kai bakinsu ba. Alhaji Usman yana kirana safe da rana, tambayarsa ɗaya, na samu shaidar?

*

Ranar Alhamis da hantsi ruwa ya tsare ni a shago. Na sake buɗe zauren, ba don ina sa ran komai ba, sai ga sabon rubutu ya faɗo. Wani ne daga asibiti, matarsa ta haihu tana zubar da jini, yana neman mai bayarwa. Kafin in gama karantawa mutum biyu sun amsa suna hanya.

Na miƙe zaune. Ashe ba duka aka rufe ba?

Kowa ya ga ragowar rassan nan tun ranar farko, ni ma na gani, muka ce ɓarawo ne ya yi sauri bai ƙarasa ba. Babu wanda ya damu ya gwada rubutu a ciki, don ba su ne ake so ba. Rassa uku ne: na neman jini, na cigiyar yara da tsofaffin da suka ɓata, da na karatu, inda marigayi yake sa darasin malaman unguwa. Ƙofofinsu a buɗe, ko ƙura ba a taɓa ba. A cikinsu abu ɗaya kawai aka cire, hotunan Malam Auwal, ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba aikin mai sauri ba ne.

Kakana ya taɓa ba ni labarin wani ɓarawon shanu da ya kora garke ta cikin gonakin mutane yana tattake dawa, sai a gona ɗaya ya yi kwana ya zagaye. Kaka bai ƙara bin sawu ba, ya tambayi mai gonar nan wa yake da shi. Ashe ɓarawon ɗan ƙanwar mai gonar ne.

To wa zai sare siyasa da gulma da ƙwallo, ya zagaye jini da cigiya da karatu? Maƙiyi ba zai tsaya tsinta ba. Mai jin haushin zauren, irin Kaltume, da duka zai ƙone. Wanda ya yi wannan ya zauna ne ya ware abin da zai kai wa mamaci lada ya bari, ya kwashe abin da zai kai masa alhaki. Sai na tuna wa'azin da aka yi ranar addu'ar uku, muna jiyowa daga cikin gida, cewa abin da mutum ya kafa yana bin sa har kabari, mai kyau da marar kyau. Na tuna tsohuwar wayar nan mai fasasshen gilashi. Ba a sa ta a akwati ba, don kowa ya ɗauka rediyo ce kawai.

Na ce innalillahi. Na ɗauki lema.

*

Uwani tana kan sallaya da carbi, ta rame, babu kwalli babu ɗan kunne. Malamar makaranta ce, mace mai magana ɗaya. Na zauna, muka gaisa, na kalli wayar, ita ma ta kalle ta.

"Yaya Zulai, kin daɗe. Tun Litinin nake jiran ki."

"Don me, Uwani?"

Ta ce bayan rasuwar ta kunna wayar don karatu, sai ta ga zauren a buɗe da sunansa. Ta shiga don ta karanta ta'aziyyar mutane ta ji sanyi. A saman kowane shafi an rubuta: Wanda ya kafa, Malam Auwal, Allah ya jiƙansa. A ƙarƙashin wannan addu'ar kuma ana lissafa mazan da wai suka san Kaltume.

"Kullum sai na duba, kullum an ƙara. Ina nan ina roƙa masa gafara, su suna can suna loda masa. Mutumin da ba zai iya tashi ya ce ku bari ba! Na aika aka kira Malam Datti, na roƙe shi ta bayan labule ya rufe. Ya ce mutane za su cinye shi ɗanye. To ni me ya rage a cinye a jikina?"

"Kin san gobe za su kai shi caji ofis?"

Carbin ya tsaya. Ba ta sani ba. Wa zai kawo wa mai takaba irin wannan labari? Na gaya mata gawayin ƙyaure, da telolin, da sahun masallaci, da yadda ya ƙi buɗe baki. Ta rufe fuska da mayafi tana kuka.

Na ce mata zan wanke Datti ba tare da na kama sunanta ba, don na san bakin mutanenmu, in suka samu mace a cikin takaba ba za su bar mata ko ƙashi ba. Ta ce in tara su a zauren gidan gobe bayan la'asar. Ban so ba, amma gidanta ne.

*

Zauren ya cika har waje. Alhaji Usman a kan kujera, 'yan kwamiti a tabarma, Datti a rakuɓe jikin bango, Kaltume daga bakin ƙofa da mayafinta, ta ce ba za a yi babu ita ba. Labulen shiga cikin gida yana sake a bayana.

Na bi musu sawu daki-daki. Ba kutse ba ne. Akwati bai buɗu ba, ga ƙanin marigayi ya shaida. Kaltume ba ta da hanyar shiga. Sannan na nuna musu rassa ukun, na ce wanda ya yi wannan ba maƙiyin Malam Auwal ba ne, kuma ba Datti ba ne, a bar maganar a nan.

"A bar ta a ina?" in ji Alhaji Usman. "Ai kin ƙara tabbatar mana! Wa ya daɗe yana cewa a datse Ka Ji An Ce? Wa ya san lambar sirri? In ba shi ba ne, faɗi sunan."

"Ba zan faɗa ba."

"To an saye ki ke nan."

Zaure ya ɗauka. Wani ya ce dama mace me ta sani, wani ya ce a kira mota. Na ji jini ya hau mini ka, na ce Alhaji ka ji tsoron Allah, da furfurarka. Wasu samari biyu suka miƙe suka nufi Datti, shi kuwa bawan Allah har ya fara neman takalmansa.

"Ku ƙyale shi. Ni ce."

Daga bayan labule muryar ta fito, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji. Samarin suka tsaya da hannu a sama.

"Ni Uwani na rufe, da tsohuwar wayarsa. Malam Datti, ka yafe mini, ban san abin da ake yi maka ba." Sai ta koma kan shugaban kwamitin. "Alhaji Usman, kai ka tsaya a kan kabarinsa ka ce duk mai bin sa haƙƙi ya yafe. Washegari ka fake da sunan Dattijon Unguwa ka rubuta cewa ɗan autan Kaltume bai yi kama da ubansa ba. Mai zaure yana ganin sunan kowa na gaskiya, Alhaji. Duk na gan ku."

Kaltume ta ce, "Allahu akbar." Alhaji Usman ya cire hula ya mayar, ya ce ai wannan raha ce, kuma ko ma mene ne, zaure na jama'a ne, ba a yi wa jama'a haka, akwai tarihin unguwa a ciki, akwai hotunan mutane.

"Gaskiya ne," in ji Uwani. "Yaya Zulai, ana iya dawo da shi?"

Na ce ana iya, akwai ajiyar da zauren yake yi wa kansa, ba ta taɓa ta ba. Nan take fuskoki suka washe, har wani ya yi kabbara.

Sai hannu ya fito ta ƙasan labule, ya turo wayar nan mai fasasshen gilashi har tsakiyar tabarma.

"Ga shi. Hotunan biki Yaya Zulai za ta cire wa kowa nasa. Sauran kuma, duk mai so a dawo da shi, bismillah. A goge sunan mijina daga sama, mutum ya sa nasa, cikakke, da na mahaifinsa. Abin da aka rubuta da wanda za a rubuta, ya tafi da shi kabarinsa. Nawa mijin ya ɗauki iya nasa."

Na ce to, Alhaji, kai ne shugaba. Ya ce shi ai shekaru sun ja, sai dai yara. Yaran suka ce ina su ina gaban manya. Wanda ya ce mace me ta sani ya tsura wa silin ido. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da suna, don haushi, wanda ya yi kabbara ma na tambaye shi, ya ce shi dama karatu kawai yake shiga yi.

Datti ya gama sa takalmansa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dube su, ina jin jira yake wani ya ce masa yi haƙuri. Da ya ga babu, ya juya wajen labulen ya ce, "Allah ya ba ki ladan abin da na kasa, Uwani." Ya fita, Kaltume ta matsa ta ba shi hanya.

Wayar tana nan kan tabarma, kowa ya janye ƙafarsa daga kusa da ita. Can aka ji ladan ya taɓa lasifika, ko kiran bai fara ba. Tun da nake a Abakpa ban taɓa ganin mazan unguwar nan sun yi saurin tashi sallar magariba irin na ranar ba.